Allurai a Rijiyar Bazara

Ku da kuke koyon yasar rijiya yanzu, akwai ranar da har gobe ba za ta fita raina ba. Tun kafin zuwan Nasara ne, ina aiki ƙarƙashin Baba Gado, shugaban masu yasa na Kebbe. A tsarinmu, shugaba na tsayawa bakin rijiya yana ba da umarni, masu igiya na ja, ni kuwa mai shiga ne, wanda ake zurawa ƙasa.

Tsakiyar bazara anka aiko daga wani ƙauye kusa da Fakku. Wani ɗan koli mai suna Isa ya duƙa zai ja guga, jakarsa ta kwance, allurai da ƙugiyoyin kifi sunka zube cikin rijiyar ƙauyen. Ita kaɗai ce rijiyar da ba ta ƙafe ba a yankin. Mai gari ya hana ɗiba, domin saniya in ta haɗiyi allura sai wuƙa, balle yaro.

Da munka isa, shanun Ardo Buba, shugaban Fulanin da sunka yi zango a wurin, sun kewaye rijiyar suna kuka. Mata na zaune da tuluna. Isa kuwa an tsare shi gindin tsamiya.

Ka'idar aiki ita ce a kwashe ruwan kaf, a shiga, a fid da laka kwando kwando. Ardo ya tari Baba Gado: "Baba, in kunka zub da ruwan ga, kafin shi sake taruwa maruƙana sun mutu."

Baba ya kwance wata 'yar jakar fata da ke ɗamararsa, wadda duk mun ɗauka laya ce. Ya fito da baƙin dutse mai nauyi, bai kai dunƙulen hannu ba. Ya ce mayen ƙarfe ne, wani maƙeri a Tambuwal ya bar masa. Ya sa aka kawo ruwa a ƙwarya, ya jefa allura, ya tsoma dutsen. Allurar ta taso ta manne. Mutane sunka ja baya suna salati.

Mai gari ya ce, "Malam Gado, wanga ba tsafi ba ne?"

"Ranka shi daɗe, halittar Allah ce, kamar gishiri. Ƙarfe shika ja, ba shi jan komi bayan shi."

Anka ɗaure dutsen a bakin gora, anka zura ni. Ruwan ya kawo mini ƙirji, ban yarda na motsa ƙafa ba don tsoron taka ƙugiya. Na dinga shafa gindin rijiyar a hankali. Da na ɗago gorar, dutsen ya zama kamar bushiya. Na tsige na zuba a jaka, na sake. Wata ƙugiya ta tsaga mini yatsa, Baba ya ce in fito, na ce sai na gama. Ban yi kira a ja ni ba sai da dutsen ya yi ta dawowa tsirara daga kowane lungu.

Duk da haka Baba bai saki ruwan ba. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin komin shayar da shanu, ya aza dutsen a tsakiya, kowane guga sai an kwarara a kansa. A gugan farko ma ya kama wani guntun allura. Da ruwan ya yi ta wucewa ba komai, Baba ya cika ƙwarya ya shanye a gaban kowa, sannan ya ce wa Ardo, "Koro shanunka."

Ban san daɗin ƙarar shanu na shan ruwa ba sai ranar.

Wata tsohuwa ta kawo ƙoƙo a tsoma mata dutsen don ciwon ƙafa. Baba ya ce, "Inna, ba ni yi miki ƙarya. Ba magani ba ne." Ya kuma roƙi mai gari a saki Isa, tunda tsautsayi ne. Ardo da kansa ya miƙa masa jakar alluransa, ya haɗa masa da ƙwaryar nono.

Abin da na koya ke nan. Ka san iyakar kayan aikinka, kada ka ƙara masa abin da bai iya ba. Kuma ruwan da ba za ka fara kai wa bakinka ba, kada ka ce wa mutane ya gyaru.