Motar da Aka Kwance wa Gudu

Ni fa ba na son jin ana ce wa Zailani ya taɓu. Wanda bai san mafari ba ya ja bakinsa ya yi shiru!

Zailani mutumin Durba ne, tare muka yi kiwon awaki. Direba ne na kirki, sai dai ɗan banzan gaggawa, ko alwala yake sai ka ce ana korarsa. Da mulkin farar hula ya dawo, aka kawo mana sabuwar motar ɗaukar marasa lafiya, aka damƙa masa makulli. Kamfanin da ya sayar da ita ya ɗaure mata gudu, ya manna hatimin dalma a jikin famfon mai. Suka ce in ta lalace su za su gyara, amma duk ranar da aka taɓa dalmar nan, garanti ya faɗi.

Wata rana ya ɗauko mai naƙuda zuwa Kano, ta cika a hanya yana take totur, motar na jan ƙafa. Abin ya tsaya masa a rai. Washegari ya kai motar wajen Ramalan bakanike a Rano.

"Malam Zailani, in na yanke dalmar nan ba ta ɗinkuwa fa," in ji Ramalan.

"Yanke, maigida. Rai ya fi dalma."

Kai, mota ta tashi! In ta saki jiniya har kaji sai sun watse. Mata da yawa sun kai asibiti a kan lokaci, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Ana shiga damina injin ya buga. Mutanen kamfani suka zo, suka leƙa, suka ga babu dalma, suka karkaɗe hannu suka tafi. A sakatariyar ƙaramar hukuma kuma kullum sai a ce ana dubawa. Aka ɗora ta a kan duwatsu a gindin tsamiya.

A daminar ne naƙuda ta zo wa 'yarsa Afra'u da gardama, da rana tsaka. A akori-kura aka shimfiɗe ta, suka wuce ta gaban tsamiyar nan yana riƙe da kanta. Ko Rano ba su kai ba. Allah ya jiƙanta.

Shekaru ke nan, kullum da safe sai ya wanke motar, har gadon da ke bayanta. Batir ya daɗe da mutuwa, amma yakan ɗaga hannu ana tsakiyar hira ya ce mu saurara, jiniya ce. Wallahi tausayinsa ke hana ni musu.

Rannan na same shi a mazaunin direba, dalmar na tafin hannunsa. Na ce, "Haba Zailani, ƙaddara ce."

Ya ce, "Na sani. Amma da na bar dalmar nan, a hankali motar take tafiya, kuma da ta kai Afra'u asibiti."