Harsashin Alhaji Ya Dawo Ya Ci Idona

Ina yi wa Edita da masu karatu fatan alheri. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni tela ne, ina da ɗan shago a Babbar Kasuwa ta Katsina, kuma an fi sanina da aikin wuyan riga, irin ƙananan zanen da sai mai kaifin ido yake iya bi da allura. Gidanmu yana Ƙofar Kaura, ban daɗe da aure ba, maiɗakina tana ɗauke da cikin fari. Ban taɓa riƙe makamin da ya wuce almakashi ba. A shekarun nan da labarin masu garkuwa da mutane ya hana kowa sakat, sai unguwarmu ta kafa kwamitin tsaro, aka ce kowane gida ya ba da namiji guda da zai shiga sintiri. Yayana yana fama da ciwon ƙafa, don haka ni na fita da sunan gidanmu, kuma da zuciya ɗaya na fita.

Shugabancin kwamitin ya faɗa hannun wani Alhaji ɗan kwangila, wanda kowa ya san kujerar siyasa yake hange, mu kuma tsani ya ɗauke mu. Shi ya kawo mana wani mutum da ya ce tsohon soja ne, zai koya mana harbi. Kofur muke kiransa, don haka ya ce a kira shi. Gajere ne mai tumbi, kullum cikin wani koɗaɗɗen wandon kaki da baƙin tabarau, ba ya buɗe baki sai ya ambaci yaƙin da ya yi a wata ƙasa, kuma sunan ƙasar yana canzawa gwargwadon masu sauraro. Ranar farko bai nuna mana yadda ake riƙe bindiga ba, bai faɗa mana inda ake tsayawa ba. Wani ruwa mai ɗaci ya kawo a jarka ya ce kowa ya sha, wai laƙani ne, duk wanda ya sha harsashi zai riƙa kauce masa. Manya da gemu muka yi layi muna karɓa muna haɗiya.

Filin koyon harbin wani tsohon rami ne a bayan gari, inda aka taɓa fasa dutse aka watsar. Ta ko'ina dutse ne, babu tudun ƙasa ko buhun yashi da zai shanye harsashi. Da farko kwali muke kafawa mu auna, sai Alhaji ya ce kwali ba ya ƙara, shi yana son abin da idan aka same shi za a ji a cikin bidiyo. Kofur ya je ya samo tsohon faifan garmar tarakta, ƙarfe mai kauri mai zurfi kamar kaskon suya, ya jingina shi da dutse, zurfin yana kallonmu. Bindigogin kuwa biyu ne ƙirar gida, sai ta Alhaji mai baki biyu, wadda yake taƙama da cewa tana da lasisi, kamar lasisin shi ne yake koya wa mutum harbi.

Ba a jima ba ƙarfen ya fara yi mana gargaɗi. Wata Asabar wani mai faci a cikinmu ya harba, muka ji faifan ya yi ƙara, nan take wani abu ya wuce ta gefen kunnena da shewa, ya huda hular wanda yake bayana ya jefar da ita ƙasa. Mutumin ya ɗauki hular yana leƙa hudar. Kofur ya bushe da dariya, ya karɓi hular ya ɗaga ta sama, ya ce ga shaida mun gani da idonmu, da ba don ruwan da ya ba mu ba da yanzu ana batun likkafani. Wasu har da kabbara. Na ce masa a hankali ko za a koma kwali, tunda ƙarfen yana maido da abin da aka aika masa. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ce tela da tsoro ai ba sabon abu ba ne, in na gaji in koma in ci gaba da zura zare. Aka yi mini dariya. Amma daga ranar na lura da abu ɗaya: duk lokacin da za a ja kunamar bindiga, Kofur yana can bayan motar Alhaji, wai yana duba layinmu daga nesa.

Ranar da abin ya faru Alhaji ya zo da baƙi, 'yan siyasa cikin manyan riguna, don ya nuna musu rundunar da ya haɗa. Aka jera mu kusa da shi, kusa ƙwarai, saboda mai ɗaukar bidiyo ya ce yana son kowa ya fito. Alhaji ya ce a matso da shi gaban faifan don kada ya kuskure a gaban mutane. Ya naɗe hannun babbar riga, ya ɗora bindiga a kafaɗa yana yi wa wayar mai ɗaukar bidiyo murmushi, ko inda bakin bindigar yake kallo bai tsaya ya duba da kyau ba. Ya harba, na ji ƙarar, sannan na ji kamar an watsa mini tafasasshen mai a fuska. Ban san na faɗi ba sai da na ji tsakuwa a bakina. Na sa hannu a idona na hagu, na ji ɗumi yana bin yatsuna yana gangarawa cikin hannun riga.

Abin da kunnena ya fara ji ina kwance, ba salati ba ne daga bakin Alhaji, umarni ne ga mai waya cewa ya goge bidiyon yanzu-yanzu. Baƙin suka shige motocinsu suka tafi ko waiwaye babu. Da abokan sintiri suka ɗauke ni za su sa ni a motar Alhaji, sai da ya sa aka shimfiɗa buhu a kan kujera tukuna. Kuma bai kai ni asibiti ba. Wani kemis ɗin abokinsa ya nufa da ni, aka wanke fuskar aka ɗaure da bandeji, ina ta nishi a kan benci tun hantsi har bayan la'asar, shi yana waje yana buge-bugen waya yana neman yadda maganar ba za ta fita ba. Sai da labari ya kai wa yayana, ya zo da ɗingishinsa ya ɗora ni a Keke Napep zai kai ni asibiti. Alhaji ya biyo mu har bakin titi ya sunkuyo, na zaci sannu zai yi mini, sai ya ce:

"In likita ya tambaya, ka ce a wurin walda ƙarfe ya fallatso maka."

Likitan da ya duba ni bai ma tsaya sauraron zancen walda ba, domin ƙwayoyin dalma ya ciro daga kuncina da gefen girata, ɗaya kuma ta shige cikin idon. Ya gaya wa yayana cewa ba zai rantse ba, amma da an kawo ni da wuri da akwai abin da za a gwada. Aka yi aiki, idon bai tsira ba. Maiɗakina ta zo da tsohon cikinta ta zauna a bakin gado, ba ta yi kuka a gabana ba, sai ta fita baranda nake jiyo ta.

Ina kwance Kofur ya zo dubiya, ba don ya ba da haƙuri ba. Ya zauna ya ƙetare ƙafa ya shaida wa 'yan'uwana cewa laƙaninsa bai taɓa ƙarya ba, lallai ni ne na karya masa doka, ko na ci kifi ko na tsallake taɓarya. Duk da zafin da nake ji sai da na juyo da kaina wajensa.

"Kofur, in maganin naka na ƙwarai ne, mi ya sa kai kake laɓewa bayan mota?"

Ya ce zafin ciwo ne yake sa ni sambatu, ya tashi ya fita, kuma daga ranar ba a sake ganinsa a unguwa ba. Daga baya muka ji cewa bai taɓa shiga soja ba, wanki da guga yake yi wa sojoji a bakin wani bariki, a nan ya samo wandon da labaran. Sana'a ce ta halal, da ya tsaya a kanta da yau ina da ido biyu. Alhaji kuwa dattawa ya turo su roƙe mu mu bar wa Allah, kada a ɓata sunan unguwa. Mahaifiyata ta ce mu bari, muka bari. Bayan an sallame ni ya aiko da buhun shinkafa, tare da mai ɗaukar hoto. Yayana ya mayar da su duka biyun.

Aikin wuyan riga ya gagare ni. Sai in kai allura inda nake ganin zanen yake, ta sauka a gefe. Na sayar da keken ɗinkin, yanzu yadi nake sayarwa a rumfar wani ɗan'uwanmu. Maiɗakina ta haifi 'ya mace, na gode wa Allah da ya bar mini idon da na gan ta da shi. Na yarda da ƙaddara, amma ba zan yarda a lulluɓe sakaci da rigarta ba. Ba ɗan ta'adda ne ya nakasa ni ba, mutum biyu ne marasa kunya, ɗaya yana neman suna, ɗaya yana neman na tuwo, kuma har gobe idan na hango Alhajin a sahun gaba a masallaci yana gyara hula, ba fushi nake ji ba, raini nake ji.

Ina kira ga duk wanda aka gayyata koyon harbi da sunan kare unguwa, kada jin kunya ya rufe masa baki. Ya tambayi wace hukuma ta san da zaman, wa ya shaidi mai koyarwar, kuma mene ne a bayan abin da za a harba. In ƙarfe ne ko dutse, ya juya ya tafi gida, ko da za a kira shi matsoraci har ƙarshen rayuwarsa. Harsashi bai san laƙani ba, bai san wanda ya tsaya don Allah da wanda ya tsaya don hoto ba. Kwanan baya maƙwabcina a kasuwa, magidanci mai 'ya'ya, ya zo yana gaya mini da murna cewa Alhaji zai sake tara mutane a ramin nan, shi ma ya ba da sunansa. Ban yi masa wa'azi ba. Na jawo shi cikin rumfa inda haske yake, na cire tabarau ɗin da nake rufe idon da shi, na bar shi ya duba idon har ya gaji ya kau da kai. Bai je ba.