Zaituna Mai Korar Baƙi

A unguwarsu a Dutsin-Ma, in ka ce Hajiya Zaituna sai an tambaye ka wacce. Amma in ka ce Zaituna mai korar baƙi, nan take za a nuna maka gidan. Yanzu ta manyanta, tana 'yar sana'arta ta atamfa a cikin gida, ga fara'a ga kyauta, amma sunan ya ƙi barinta. An kuwa ɗauki alhakinta.

Mijinta, Kyaftin Ashafa, ɗan Rawayau ne ta ƙasar Kurfi, kuma matuƙin jirgin sama. Ba irin jirgin alhazai ba da ake rakiya ana ɗaga hannu. Nasa na kaya ne, ya tashi daga Kano bayan isha'i, ya sauke kwalaye a wannan gari ya kwashi wasu a wancan, sai da hantsi ya dawo. Kamfanin ƙarami ne, matuƙa kaɗan, aiki kuwa jibge. Sai a ce masa ya je ya huta, kafin motar haya ta sauke shi a gida waya ta biyo shi cewa wane ba shi da lafiya, gobe da dare shi ne a kan aiki.

Labarin isowarsa kuma ya fi shi sauri. Bai gama kwance takalmi ba babura sun fara tsayawa a ƙofar gida, dangi daga Rawayau da Kurfi, kowa da gaisuwarsa da 'yar buƙatarsa. Shi kuwa mutum ne mai kunya. Zai zauna a zaure ido jajur, ana ce masa ina gajiya yana cewa ba gajiya, har rana ta faɗi.

Wata safiya tana zuba masa kunu ya ce da ita, murya ƙasa-ƙasa, “Jiya na yi gyangyaɗi a sama. Da na farka na dubi abokin tuƙina, shi ma ya tafi.” Ya roƙe ta kada ta gaya wa kowa, balle Gogo, mahaifiyarsa. Zaituna ta ji tsoron da ba ta taɓa ji ba. Daga ranar ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa. Duk wanda ya zo, a ba shi ruwa, a ba shi abinci, amma Kyaftin yana barci.

To, a ƙasar nan ba a ce wa wanda ya taso daga nesa mai gida na barci da rana tsaka. Magana ta yi ta yawo: ta mallake shi, ta raba shi da danginsa. A wurin biki sai ta ga an matsa an bar mata tabarma ita kaɗai. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ga shi ba ta da bakin kare kanta.

Har sai da Gogo ta zo da kanta. Ashafa ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta zuwa gidansa, ko a gaban mutane ba ta dubansa sosai. Ranar ta sauka daga babur, ta ƙi ruwa, ta ƙi zama.

“Ina mutumin naki?”

“Gogo, yana kwana.”

“Buɗe mani.”

Zaituna ta ɗaga labule. Yana kwance rubda ciki da rigar aiki, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗayan a ƙasa. Gogo ta daɗe tana kallonsa. Sai ta waiga ta ga ba kowa sai su biyu, ta sunkuya ta zare masa takalmin a hankali. Ta fito ta zauna a kan tabarmar, ta ce, “Matsa mani, ɗiyata.” Da Ubaidullahi, ƙanen Gogo, ya yi sallama, Gogon ce ta amsa: “Koma sai la'asar.”

Shekarun da suka biyo baya su ne Zaituna ta fi kewa. Duk sanda Kyaftin ya dawo, Gogo ta sami dalilin shigowa Dutsin-Ma, yau kasuwa, gobe dubiya. Su zauna su biyu a ƙofar ɗakin suna ɓarar gyaɗa, suna hira da raɗa, suna gulmar dangi, in dariya ta kama su su toshe baki da mayafi. Gogo ba ta taɓa tambayar dalili ba, Zaituna kuma ba ta faɗa ba. Kafin ya farka tsohuwar ta hau babur ta koma, don kada a ce ta zo ganin ɗanta.

Wata damina Gogo ta kwanta da zazzaɓi. Ranar da Kyaftin ya dawo bayan dare uku a jere, aka kira Zaituna daga Rawayau, aka kara wa tsohuwar waya a kunne.

“Ya iso?”

“Ya iso, Gogo. Bari in tashe shi mu taho.”

“Kul. Gobe ba shi da aiki?”

“Yana da shi.”

“To ki bar shi shi tashi da kainai. Zazzaɓi ne.”

Zaituna ta tsaya a bakin labulen, hannunta riƙe da shi. Ta ji numfashinsa. Ta koma ta zauna.

Da la'asar ya farka suka kama hanya. Suna shiga Rawayau suka tarar da maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. Kyaftin bai taɓa tayar wa Zaituna da maganar ba, ranar ko bayanta, har ya ajiye aiki. Ita ce ta yi ta kuka tana cewa da ta sani.

Sai a ranar sadakar uku matar da ta riƙe wa Gogo waya ta ja ta gefe. Ta ce da aka kashe wayar sun ce wa tsohuwar su kam za su sake kira, a taso shi ko ta halin ƙaƙa. Gogo ta yi murmushi, ta ce, “Ku kira mana. Zaituna ce a ƙofar.”