Sunan da Aka Fara Kira

Har gobe ban manta da Talatar da Alhaji Bappa ya shigo ofishina ba. Lokacin ina mataimakin magatakarda a babbar kotu, nan Gombe. Alƙalai biyu sun yi ritaya, aka amince da mutum biyu su maye gurbinsu, ni kuma aka ba ni aikin buga takardar rantsuwa.

Ku da kuka kama aiki jiya, ku riƙe wannan. In an rantsar da alƙalai rana ɗaya, wanda aka fara kira shi ne babba har su bar aiki, ko da minti biyar ne tsakaninsu. Ranar da Babban Joji ya sauka, babban ake fara dubawa. Babban Joji kuwa shi ke raba shari'u, ya ce wannan ta je gaban wane. 'Yan siyasa sun fi mu sanin haka.

A ƙa'ida, wanda ya riga zama lauya shi ne a gaba. A cikin biyun, wadda ta riga wata mace ce 'yar ƙabilar Tangale, ba ta da kowa a sama. Na biyun kuwa ɗan gida ne wurin masu mulki. Alhaji Bappa maƙwabcina ne a unguwar Shamaki, na hannun daman wani babban ɗan siyasa. Ya tambayi iyali, ya tambayi shanu har da 'yan maruƙa, sannan ya ce in juya sunayen, ai jeri ne kawai, wa zai lura.

Na ce, "Alhaji, da jeri ne kawai, da ba ka tako da tsakar ranar nan ba."

Na buga yadda ƙa'ida ta ce. Ba a rufa wata ba aka mayar da ni ɗakin tsofaffin fayiloli. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, shekara huɗu ina hira da ɓeraye.

Da lokaci ya yi, ita ta hau kujerar Babban Joji, kuma har yau ba ta san an yi haka ba. Shari'ar filin gadonmu ma a gabanta ta faɗo, ta ba abokin shari'armu gaskiya.

A bakin kotu yayana ya ce, "To, ga wadda ka sha wuya dominta."

Na ce, "Yaya, da ɗayan ne, da sai mu nemi Alhaji Bappa. Wanda ya fi mu kusa da shi fa?"

Filin ya tafi, amma ban yi nadama ba. Aikin nan ya koya mini cewa tun a teburin mai buga takarda kotu ke fara karkata, don haka ku dubi jerin suna sau biyu kafin ku miƙa.