Wasan da Adawiyya ta Ƙera wa Ɗalibai

Adawiyya ɗiyar Malam Maccido ce, manomin albasa a Shinaka, ƙasar Goronyo. Ita kaɗai ce ta yi karatu mai zurfi a gidansu, har ta samu aiki a laburaren wata jami'a cikin birnin Sakkwato.

Abin da ya fi ci mata tuwo a ƙwarya shi ne ɗalibai ba su iya bincike ba. Duk abin da waya ta nuna musu shi suke kwafewa. Ta yi bayani har muryarta ta dushe, suna gyangyaɗi. Sai ita da Khalid, abokin aikinta na sashen kwamfuta, suka ƙera wasa a intanet. Ɗalibi zai shiga yana neman tarihin noman rani a bakin gulbin Rima. Ba ya wuce mataki sai ya nemo littafi, ya faɗi marubucinsa da shekararsa, ya ware sahihin bayani daga jita-jita. Wasan ya karɓu, waɗanda ba su taɓa leƙa laburare ba suka fara cika gaban teburinta.

Ana cikin haka 'yan bindiga suka matsa wa yankinsu, aka katse layukan waya. Ta yi makonni ba ta ji muryar kowa na gida ba. Ran nan da hantsi tana nuna wa sababbin ɗalibai yadda ake shiga wasan, sai ga kawunta Isa a bakin ƙofa, duk ya rame.

"Kawu, lafiya? Mi ya faru?"

"Ɗiyata, sai haƙuri. 'Yan bindiga sun iske babanki gona, sunka kashe shi. Tun ran Talata munka rufe shi."

Ko kwamfutar ba ta kashe ba, ta bi shi tasha.

Ta samu innarta da ƙannenta mata a wata makarantar firamare a Goronyo, cikin 'yan gudun hijira, ƙafafun tsohuwar sun kumbura saboda tafiyar ƙasa. Adawiyya ta yi juyin duniya su koma birni tare, tsohuwar ta ƙi.

"Ba ni yin nisa da kabarin Malam," in ji ta.

Hutun da aka ba Adawiyya ya ƙare, ta nemi ƙari, shi ma ya ƙare. Ta ajiye aiki, ta kama musu ɗaki ɗaya. Da layi ya dawo Khalid ya kira ta.

"Malama, ɗalibai sun gama matakan duka, suna jiran sababbi."

"Ka nemi wani, Malam Khalid. Kaina bai ɗauka."

Bai samu ba. Shi ma ya bar jami'ar, wasan ya daina buɗuwa.

Inna ta rasu da damina ta gaba. Adawiyya ba ta koma birni ba, don ƙannenta mata na hannunta. Yanzu tana koyarwa a wata ƙaramar makaranta, da yamma ta sayar da busasshen kifi a ƙofar gida.