Turancin da Ya Rage wa Malam Attahiru

Malam Attahiru ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci a wata firamare a Bungudu. Duk wanda ya ratsa ajinsa ya san shi da son tsofaffin kalmomi, irin waɗanda su Turawan ma suka daina faɗa tun zamanin kakanninsu. In ya tsinci guda, sai ya wuni yana juya ta a baki kamar goro. A gida kuwa bai taɓa yi wa matarsa Saude Turanci ba, don ita ba ta yi boko ba, ƙuli-ƙuli take soyawa.

Bayan ya yi ritaya, wata safiya da damina yana alwala ya yanke jiki ya faɗi gefen randa. Hawan jini ya shanye masa ɓarin dama, aka garzaya da shi asibiti a Gusau. Da ya farfaɗo, Saude ta sunkuya tana yi masa sannu. Ya dube ta, ya buɗe baki, sai Turanci. Ta ɗauka zafin ciwo ne, amma kwana ya bi kwana ko "ruwa" bai ce da Hausa ba. Fatiha yana jan ta tsaf, harshen da ya sha a nono ne ya tafi. Saude ta fita baranda tana salati, ta tabbata iska ce ta shige shi. Likita ya ce mata akan ga haka in ciwon ya taɓa wurin magana a ƙwaƙwalwa, kuma ba wanda zai ce ga ranar dawowar Hausar.

'Yarsu Rabi'a, wadda ke aikin gwamnati a Gusau, ta ɗauki hutu ta biyo su gida don ta yi tafinta. Ita ma abin ya girgiza ta, don Turancin ba irin na ofis ba ne, sai ta duba waya take gane abin da yake so. Da haka Saude ta haddace da kunne: in ya ce "yuwa" buta yake nema, in ya ce "fizik" lokacin magani ya yi.

Wata rana Saude na shafa masa mai a hannun da ya mutu, ya ƙura mata ido ya ce, "Silly." Ya sake faɗa. Saude ta ga fuskar Rabi'a ta sauya, ta matsa mata sai ta faɗi ma'anar.

"Inna, sakarya ke nan," in ji Rabi'a a hankali.

Saude ta saki hannun. Tun da aka kawo ta gidan, mutumin nan ko tsawa bai taɓa yi mata ba, yau ga zagi a gaban 'yar cikinta. Ta fita ta zauna bakin murhu, ta kasa ko kuka. Ranar ba ta sake leƙa ɗakin ba, washegari ma Rabi'a ce ta kai masa koko, ya kawar da kai ya ƙi sha.

Da hantsi sai ga Malam Sama'ila daga Tsafe ya zo dubiya, abokin Malam Attahiru tun kwalejin horon malamai. Rabi'a ta gaya masa abin da ya faru. Ya riƙe baki, ya sa aka kira Saude. Ya ce mata Attahiru ne da kansa ya koya masa cewa a Turancin da can kalmar na nufin mai albarka, daga baya ne ta lalace ta koma zagi. Saude ta ce to ya aka yi za a san wadda ya nufa. Suka shiga tare, Sama'ila ya durƙusa ya tambaye shi da Turanci, ta yau ko ta da. Malam Attahiru ya ɗaga hannun hagu da ƙyar ya yi nuni baya ta kan kafaɗa, hawaye na bin kuncinsa.

"Malam, ka yafe mini," in ji Saude. Ta ɗauko kokon ta ɗumama, ta ba shi da ludayi har ya shanye.

Kafin kaka Hausar ta fara dawowa kaɗan-kaɗan, sunayen 'ya'yansa da gaisuwa, amma ba ta taɓa cika ba. Ya rasu cikin azumin shekarar da ta biyo. Tsofaffin ɗalibansa suka zo jana'iza daga Gusau da Tsafe har ƙofar gidan ta kasa ɗaukar su.