Jan Gumin Meinrad

Shekara talatin da ɗaya Meinrad Gschwind ya yi yana dafa rini a wata masana'anta a bakin kogin Rhine, nan Basel, ni kuma ina tukunyar kusa da tasa. Daga man kwal da ake kira benzin muke farawa, a haɗa da sinadarin kulorin, a yi ta dafawa har launi ya fito. Shi kuwa rinin nan ba ya tsayawa a tukunya. Fata yake shiga ya yi luf, sai ka yi gumi ya tona maka asiri. Matarsa Hedwig ba ta tambayar me muke dafawa, rigar filo take dubawa.

Da aka sa ranar auren 'yarsa tilo, Dorli, sai ga shi satin dafa jan rini ne, kuma tsakiyar zafi. Shi zai riƙe hannunta zuwa coci, cikin farar rigar da Hedwig ta yi wata uku tana ɗinkawa.

"Baban Dorli, ka taɓa rigar nan, ni da kai ne!" in ji ta.

Mutumin nan ya ɗauki hutun kwana huɗu. Ya sha shayi mai zafi, ya shige bargo biyu don gumin ya ƙare, ya dirje jikinsa har ya saɓule. Na je dubiya na same shi kamar dafaffen gwoza.

"Mutumina, ka nuna, a sauke ka?"

"Tafi can, mai koren wuya!" in ji shi, don ni koren rini nake dafawa.

Ranar ɗaurin aure ya sa safar hannu, ya tafi yana ɗosana yatsa biyu a gwiwar hannun yarinyar, yana baya-baya kamar ita ce tukunyar. Muna ta ƙunshe dariya, amma wallahi ya ba ni tausayi.

A ƙofar coci Dorli ta ja ta tsaya.

"Baba, haka za ka miƙa ni kamar baƙo?"

"Rigarki, 'yata..."

Ina! Ta ƙanƙame shi, ta manna kafaɗarta a wuyansa. Da ta sake shi, ga ja nan shaɓe-shaɓe a farin yadi. Hedwig ta dafe ƙirji, ta zaro hankici.

"Bar shi, Mama," in ji Dorli. "Da wannan gumin aka raine ni."

Meinrad ya cire safar ya cusa a aljihu, ya kama hannunta da kyau, suka shiga.